Ɗumama Gida a Birtaniya: A Kunna Hita a Sha Bil, ko a Kashe a Sha Sanyi?

Da zarar watan Oktoba ya kama, tambaya ɗaya ce take yawo a bakin 'yan uwanmu mazauna Birtaniya, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi: a kunna hita a sha bil, ko a kashe ta a sha sanyi? Wani zai ce a bar ta a kunne dare da rana a ƙasa-ƙasa, wai hakan ya fi araha. Wani ya ce a rufe komai, a sayi 'yar hitar lantarki a ajiye a gefen gado. Wani kuma ya ji a labarai an ce hukuma ta ƙayyade kuɗin makamashi, ya saki jiki, sai da takardar bil ta iso ido ya raina fata.

Ruɗewar tana da dalili. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, dabarun da ya gada na korar zafi ne. Hunturunmu 'yan makonni ne, rigar sanyi da bargo da ruwan wanka mai ɗumi sun isa a wuce shi. A can kuwa sanyi yakan ci kusan rabin shekara, abin da ke yaƙar sa kuma yana ɓoye ne a cikin bango da ƙarƙashin daɓe, mai gidan haya ya miƙa maka makulli ya tafi ba tare da ya yi maka bayanin komai ba.

Yadda abin yake aiki

Mafi yawan gidajen Birtaniya da gas ake ɗumama su. Akwai wani akwati a manne da bango, galibi a kicin ko a cikin kabad, shi ne boila. Yana ƙona gas ya dafa ruwa, famfon da ke cikinsa ya tura ruwan cikin bututai zuwa faffaɗan ƙarafan nan da ke jikin bangon kowane ɗaki, wato radiyeta, wadda makanikanmu ke kira lagireto a jikin mota. Ruwan yana sauke zafinsa a jikin ƙarfen, ya koma boila a sake dafa shi. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa shekara da shekaru, ba ya haɗuwa da na sha ko na wanka.

Yawancin ɗumin da radiyeta ke bayarwa iska ce ke ɗaukar sa. Iska mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta bi jikin ƙarfen ta yi zafi, ta tashi sama, ta zagaya ɗakin. Saboda haka duk abin da ya tare wannan zagayen ya cinye maka kuɗi: kushin da aka jingina da radiyeta, dogon labule da ya sauko ya rufe ta, ko jiƙaƙƙun kaya da aka jibga a kanta. Boila yana ta ƙona gas, ɗumin kuma yana ƙarewa a bayan kujera.

Wurare uku ake sarrafa tsarin, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. Akwai tamostat, 'yar na'urar da ke jikin bango, wadda ke auna zafin iska ta umarci boila ya kama ko ya tsaya. Akwai agogon da ake saita wa lokutan kunnawa da kashewa. Sai bawul mai lambobi a gefen kowace radiyeta.

Lambobin nan, daga 1 zuwa 5, ba ƙarfin wuta ba ne irin na murhun gas. Kowace lamba tana nufin zafin da kake so ɗakin ya kai ne kafin bawul ya rage shigar ruwa. A yawancinsu lamba 3 tana kusa da digiri 20 a ma'aunin Selshiyas. Idan ka shigo da sanyi ka murɗa zuwa 5, ɗakin ba zai yi ɗumi da wuri ba ko da minti ɗaya, illa dai radiyetar ta ƙi tsayawa bayan ɗakin ya yi ɗumi, har ka buɗe taga kana neman iska. Haka ma ɗaga tamostat zuwa 30. Alamar da ta yi kama da tauraro kuwa ta kare bututu ce daga daskarewa, ita ake barin ɗakin da ba a shiga a kai idan za a yi tafiya.

Akwai kuma wani saiti a jikin boilan kansa da mutane da yawa ba su taɓa taɓawa ba, wato zafin ruwan da ke fita zuwa radiyetoci. Tun shekarar 2005 doka a Ingila da Wales ta ce sabon boilan gas ya kasance irin wanda ke tatsar zafi daga tururin hayaƙinsa kafin ya fita waje. Amma ba ya iya wannan tatsar sosai sai ruwan da ke dawo masa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 55. Masu saka boila da yawa sukan bar shi a kan 70 ko 80. Idan naka irin wanda ba shi da tankin ajiye ruwan zafi ne, sauke shi zuwa 60 yana rage gas ɗin da ake ƙonawa, sai dai ɗaki zai ɗan ƙara jinkiri kafin ya yi ɗumi. Mai tanki ya yi hattara: ruwan da aka ajiye yana buƙatar kaiwa digiri 60 don kashe ƙwayar cutar da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Abin da aka ƙayyade farashi ne, ba bil ba

Hukumar Ofgem mai sa ido kan kamfanonin makamashi ta fara ƙayyade farashi a watan Janairun 2019 a Ingila da Wales da Scotland, yanzu kuma duk wata uku take sabunta shi. Abubuwa biyu take sa wa iyaka: kuɗin kowane yunit na gas da lantarki, da kuɗin da ake cira kullum saboda kawai kana haɗe da layi. Adadin da ake faɗa a labarai lissafi ne na gida mai matsakaicin amfani. Wanda ya ƙona fiye da haka zai biya fiye da haka.

An ga tasirin wannan rashin fahimta a 2022. A Oktoban 2021 adadin yana fam 1,277 a shekara. Farashin gas ya riga ya fara hawa bayan annobar korona, sai Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, kasuwar gas ta Turai ta rikice. A Afrilu adadin ya koma fam 1,971, aka kuma sanar da cewa zai kai fam 3,549 a Oktoba. Gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da shi a fam 2,500. Jama'a da yawa suka ɗauka ba wanda zai biya sama da haka, har Firaministar lokacin, Liz Truss, ta faɗi hakan a rediyo, sai da masu bin diddigin gaskiyar zance suka yi mata gyara.

Kuɗin nan da ake cira kullum saboda haɗin layi shi ke kama masu mitar kati. Mutum ya daina sa kuɗi a mitar gas tun watan Mayu saboda ba ya buƙatar hita, bashi yana ta taruwa bai sani ba. Ranar da sanyi ya shigo ya loda fam 20, sai mita ta lashe wani kaso nan take.

A bar ta a kunne, ko sai da buƙata?

Gida yana zubar da ɗumi muddin cikinsa ya fi waje zafi, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon saurin zubewar. Wanda ya bar hita a kunne ya tafi aiki na awa goma sha biyu, ɗakunan da ba kowa ya biya wa kuɗi. Don haka ga mai boilan gas da ke wuni a waje, a saita agogo ya kunna kamar rabin awa kafin a tashi daga barci da rabin awa kafin a dawo, ya kashe kafin a kwanta. Wannan ita ce shawarar da cibiyar Energy Saving Trust, mai wayar da kai kan tattalin makamashi, ta daɗe tana bayarwa.

Masu cewa a bar ta a ƙasa-ƙasa su ma suna da hujja a wasu gidajen. Tsohon gini mai kaurin bango yana daɗewa kafin ya ɗauki ɗumi, in aka bar shi ya yi sanyi ƙalau kuma bangon yakan tara laima. Gidan da ke da jariri ko tsoho ko mara lafiya da ke wuni a ciki, shi ma lissafinsa daban ne. A ganina gardamar ta kauce wa inda matsalarmu take. Abin da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne kashewa gaba ɗaya, a ƙudundune cikin jaket da bargo biyu, ana ganin an yi tattali.

'Yar hitar lantarkin da ake gudu wurinta ita ma ba araha ba ce. A Birtaniya yunit ɗin lantarki ya kai kusan ninki huɗu na yunit ɗin gas, hitar mai kilowat 2 kuma tana shan yunit biyu a kowace awa. Tana da amfani idan ƙaramin ɗaki ɗaya za a ɗumama na ɗan lokaci. Idan ta kwana ta wuni a kunne, bil ɗinta zai iya zarce na boila, sauran gidan kuma yana can yana jiƙewa.

Funfuna: kuɗin da ake biya da huhu

Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin lafiyar Birtaniya sun ce kada ɗakin da ake zama ya gaza digiri 18. Sanyin da ya wuce haka yana ɗaga hawan jini, yana tayar da asma, yana kwantar da yara da tsofaffi. Ga masu cutar sikila, waɗanda ba su da wuyar samu a cikinmu, sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Sannan ga laima. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi da yawa, da ta taɓa wuri mai sanyi sai ta sauke shi ya zama ruwa. Shi ya sa za ka tashi da asuba ka tarar da gilashin taga yana zubar da ruwa, ya taru a dakalin tagar har ya jiƙa ƙasan labule. Abin da ido ya gani ke nan. Irinsa yana faruwa a bayan wadirob, a kusurwar silin, da bangon da katifa ta jingina da shi. Bayan 'yan makonni sai baƙaƙen ɗige-ɗige su fito, takalman da ke cikin kabad su yi fari-fari, kaya su riƙa warin ruma. Funfuna ke nan, kuma ƙurarta ake shaƙa.

Girkinmu mai tururi ne, wannan gaskiya ce. Wake, ganda, farfesu, ruwan tuwo, duk sai sun daɗe a kan wuta. Ga shanya a cikin ɗaki saboda ba rana, ga mutum biyar suna numfashi a ɗaki biyu. Maganin da ke hannun ɗan haya shi ne ya rufe tukunya, ya kunna fankar da ke zuƙe tururi a kicin da banɗaki, ya ja ƙofofinsu, ya goge ruwan taga da safe, ya ɗan janye kayan ɗaki daga jikin bango. Ya kuma buɗe taga warai na minti biyar zuwa goma a fitar da jiƙaƙƙiyar iska, kamar yadda Jamusawa suka mayar al'ada ko ana zuba dusar ƙanƙara. Bango da kayan ɗaki ba sa hucewa a wannan ɗan lokacin, busasshiyar iska kuma ta fi saurin ɗaukar ɗumi.

Amma kada a bari mai gida ya fake da wannan. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu a garin Rochdale. A Nuwamban 2022 binciken musabbabin mutuwarsa ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar funfuna a gidansu ne ya kashe shi, kuma gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar da laima. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara shekara da shekaru, masu gidan suka ɗora laifin a kan yanayin rayuwar iyalin, daga baya suka amsa cewa zato suka yi kuma sun yi kuskure. Dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki a gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje a Ingila a Oktoban 2025, ta wajabta a binciki ƙorafin laima da funfuna cikin kwanakin aiki 10, a magance haɗari na gaggawa cikin awa 24. Duk baƙon da aka taɓa ce masa girkinsa ne ko wankansa ya jawo, ya san nauyin wannan labarin. Ka rubuta ƙorafinka, ka ɗauki hoto, ka ajiye kwanan wata.

Idan radiyeta ta ƙi zafi

Tafin hannu ya isa a gane yawancin matsalolin. Ka kunna hita, ka jira ta ɗauka, ka shafa radiyetar daga sama zuwa ƙasa a hankali.

Idan ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce ta taru a ciki ta hana ruwa cika ta, wani lokaci har za ka ji tana ƙugi. Wannan kowa zai iya gyarawa. Ana sayar da wani ɗan makulli mai baki murabba'i a shagunan kayan gini, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka kashe hita ka bari ta huce. A can sama, a gefe ɗaya, akwai ɗan ƙaramin noti. Ka tara tsumma a ƙarƙashinsa, ka sa makullin ka juya hagu kaɗan, kada ya kai zagaye guda. Za ka ji iska tana fita tana tsiii. Ka riƙe a haka har sautin ya fara sarƙewa, ruwa ya tofo, sau da yawa baƙi-baƙi mai ƙarnin ƙarfe, sai ka mayar ka ɗaure ba da ƙarfi ba. Tsumman nan kada ka raina shi, ruwan yana ɓata kafet, mai gida kuma zai cire a kuɗin ajiyarka.

Bayan haka ka duba agogon matsin ruwa a jikin boila. Idan tsarin yana sanyi, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa, boila zai iya ƙin tashi, sai an ƙara masa ruwa ta wani ɗan bututu da ke ƙarƙashinsa. Idan kuwa tana yawan faɗuwa, akwai inda yake yoyo.

Idan sama da zafi, ƙasa da tsakiya da sanyi, tsatsa ce ta zama laka ta kwanta. Wannan aikin ma'aikaci ne: zai wanke bututan, ya zuba maganin hana tsatsa, wataƙila ya saka matatar maganaɗisu mai kama ɓarɓashin ƙarfe. Radiyetar da ta yi sanyi gaba ɗaya bayan an daɗe ba a kunna ba kuwa, galibi 'yar allurar da ke ƙarƙashin kan bawul ce ta maƙale. Sai kuma ranar da aka yi tsananin sanyi boila ya tsaya cak: a duba farar robar da ke fitar da ruwa daga boila zuwa waje, takan daskare. Ruwa mai ɗumi ake zuba mata, ba tafasasshe ba.

Iyakar ɗan haya ke nan. Murfin boila da duk abin da ya shafi gas, sai ma'aikacin da ke da rajistar Gas Safe, wato rajistar ma'aikatan gas da doka ta amince da su, kuma kana da damar ka ce ya nuna maka katinsa. Doka ta ɗora wa mai gida gyaran hita da ruwan zafi, da duba lafiyar kayan gas duk shekara tare da ba ka takardar shaida.

Inda ɗumin yake zurarewa

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano mara silin, ya kuma kwana a soron ƙasa, ya san gini ne ke yanke hukunci kan zafi da sanyin ɗaki. Haka abin yake a can. Gidajen Birtaniya suna cikin mafi tsufa a Turai. Waɗanda aka gina kafin wajajen 1920 galibi bangonsu bulo ne zalla, na bayansu kuma bango biyu ne da fili a tsakani, wanda ake iya cusa wa abin riƙe ɗumi. A gidan da ba a yi wa komai ba, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗumi ta bango yake fita, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ta rufi. Shimfiɗar da ake so a yi a saman silin kaurinta milimita 270 ne.

Waɗannan ayyukan mai gida ne, kuma a nan gizo yake saƙa: shi zai kashe kuɗin gyara, ɗan haya ne zai ga sauƙin bil, don haka da yawa ba sa motsawa sai doka ta matsa. Kowane gidan haya yana da takardar da ke nuna matsayinsa wajen riƙe ɗumi, daga A zuwa G, ana iya duba ta kyauta a shafin gwamnati da adireshin gidan. Tun Afrilun 2020 ba a yarda a ba da hayar gidan da ya gaza E ba a Ingila da Wales, in ban da 'yan keɓantattu. Ina ganin duba wannan harafin kafin sa hannu ya fi duk wata dabara da za a yi daga baya. Gida mai arhar haya da harafin E zai iya karɓe rarar a watan Janairu.

Abin da ɗan haya zai iya yi da kansa ƙanana ne amma suna taruwa. Ka bi gefen ƙofa da taga da bayan hannu ranar da ake iska, inda ka ji sanyi yana hurowa ka liƙa robar toshe kafa. Ƙasan ƙofar waje a sa mata tsumma ko matashi mai tsawo, ramin wasiƙa a sa masa burushi. Labule mai kauri a ja shi da magariba, a buɗe shi da rana ta fito, a tabbata bai rufe radiyeta ba. Radiyetar da ke jikin bangon waje a sa mata takarda mai ƙyalli a baya. Daɓen katako a shimfiɗa masa darduma. Amma 'yan kafofin da aka yi da gangan a saman taga ko a jikin bango don iska ta shiga, kada a liƙe su. Su ke fitar da laima, wasunsu kuma boila ko murhu ne ke shaƙa ta nan.

Gargaɗi ɗaya ya fi sauran nauyi. Kaskon gawayi, ko kunna murhun girki don a ji ɗumi, a gidan da aka toshe ko'ina, kisa ne. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Lalataccen boila ma yana fitar da ita. Tun Oktoban 2022 wajibi ne mai gidan haya a Ingila ya saka ƙararrawar gano ta a ɗakin da boila yake. Ka danna maɓallinta lokaci-lokaci ka ji tana ƙara. In ta yi ƙara da kanta, ko ka ji warin gas, a buɗe tagogi, a fita waje, a kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Abin da ke tafe

Ƙasashen Turai suna son rabuwa da boilan gas saboda sauyin yanayi da kuma darasin 2022. Abin da suke turawa shi ne famfon zafi, na'ura mai aiki da lantarki irin na firji ko iyakwandishan, wadda ke jawo ɗumi daga iskar waje ta zuba a ruwan radiyeta. Yunit ɗaya na lantarki yakan ba da kimanin yunit uku na ɗumi. Tun Oktoban 2023 gwamnati tana ba da tallafin fam 7,500 ga mai saka ta a Ingila da Wales. A Jamus dokar da ta shafi wannan sauyi ta tayar da ƙura sosai a 2023, har sai da aka sassauta ta kafin majalisa ta amince.

Masu goyon baya suna nuna Norway da Sweden da Finland, inda sanyi ya fi tsanani kuma na'urar ta zama ruwan dare. Masu suka suna cewa kuɗin sakawa yana da yawa, lantarki a Birtaniya yana da tsada idan aka gwada da gas, tsofaffin gidaje kuma suna zubar da ɗumi. Ruwan da famfon zafi ke turawa bai kai na boila zafi ba, don haka sau da yawa sai an sauya radiyetoci da manya. Wanda ya kama haya a gida mai irin wannan na'ura ya sani cewa ƙa'idarta ta saɓa wa ta boila: ita an fi so a bar ta tana aiki a hankali na tsawon lokaci, kuma radiyetarta ɗumi-ɗumi za ka ji ta ko da lafiyarta ƙalau.